Hancin udu: yadda yake cinyewa, yadda ake gyara shi da yadda ake sake sabo

Udu, kayan kiɗan nan mai tsirkiya da ake ji a waƙoƙin Masar, Sudan, Siriya, Iraƙi da Turkiyya, yana da wani ɗan guntun ƙashi a ƙarshen wuyansa wanda tsawonsa bai fi santimita 4 da ɗoriya ba. Larabawa na kiransa anf, wato hanci. Turkawa suna ce masa eşik, ma'ana dokin ƙofa, a Faransanci kuma sunansa sillet. A kan wannan hanci ne dukkan tsirkiyoyin ke hawa kafin su gangara inda ake murɗa su. Idan ya cinye ko ya tsage, muryar udu na lalacewa, tsirkiyoyi su riƙa tsinkewa, har mai shi ya ɗauka kayan ne gaba ɗaya ya mutu. Alhali hanci na cikin sassan da suka fi sauƙin gyara, muddin an gane cutar kafin a ɗauki magagari.

Yadda ake gina udu

Kalmar ud a Larabci tana nufin ice, kuma ita ce dai kalmar da aka sani a sunan turaren nan na udu da ake sayarwa a kasuwanni. Daga al-ud ne Turawa suka samo sunan nasu kayan kiɗan da Faransawa ke kira luth. Malamai irin su Al-Kindi da Al-Farabi sun yi rubutu a kan udu tun ƙarni na 9 da na 10, kuma ana danganta ƙara masa tsirkiya ta biyar ga Ziryab, mawaƙin da ya bar Bagadaza ya zauna a Kurɗuba ta Andalus, inda ya rasu a shekarar 857. A shekarar 2022 hukumar UNESCO ta sanya sana'ar ƙera udu da kaɗa shi cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada, bisa buƙatar ƙasashen Siriya da Iran. Hausawan Sudan ma sun daɗe da sanin udu: Aisha Falatiya, wadda iyayenta suka fito daga ƙasar Hausa, ta yi suna a gidan rediyon Omdurman tun shekarun 1940, kuma ƴar uwarta Jidawiya makaɗiyar udu ce.

Jikin udu kamar rabin ƙwarya yake, an haɗa shi da siraran katakai da aka lanƙwasa, an rufe fuskarsa da katako mai laushi wanda bai fi milimita 2 kauri ba. A kan fuskar akwai abin da masu goge ke kira jaki, inda ake ɗaure ƙarshen tsirkiya; Larabawa na ce masa faras, wato doki. Daga jikin sai gajeren wuya mai santsi, wanda aka lulluɓe samansa da allon yatsu. A ƙarshen wuyan akwai gidan makullai, wanda ya karye ya koma baya. Makullan su ne ƴan sandunan icen da ake murɗawa domin ɗaure tsirkiya ko sassauta ta. Hanci yana zaune daidai mahaɗar allon yatsu da gidan makullai.

Yawancin udu na yau tsirkiya 11 gare su: biyar tagwaye, sai guda ɗaya mai kauri da ke ba da babbar murya. Akwai masu 12 da masu 13. Tsawon tsirkiya daga hanci zuwa jaki yakan kai santimita 61 zuwa 62 a udun Larabawa, a na Turkawa kuma santimita 58,5. Saitin da ya fi yaɗuwa a ƙasashen Larabawa, daga babbar murya zuwa ƙarama, shi ne Do, Fa, La, Re, Sol, Do.

Aikin da hanci ke yi

Wanda ya san gurmi ko molo ko garaya ya san cewa a wajensu tsirkiya a jikin sanda ake ɗaure ta da fata, kuma a nan muryarta ke farawa. In ana son canza sauti sai a matsa ɗaurin. A udu kuwa hanci ne ke yanke wannan hukunci, kuma ayyukansa uku ne.

Na farko, shi ke iyakance tsawon ɓangaren tsirkiya da ke kaɗawa. Ana ƙera wuyan udu ne ta yadda tsawonsa zai zama kashi ɗaya cikin uku na tsawon tsirkiya, misali santimita 19,5 a udun Turkawa. Saboda haka idan makaɗi ya danna tsirkiya daidai inda wuya ya haɗu da jiki, zai sami sauti na biyar daga na buɗaɗɗiyar tsirkiya, kamar daga Do zuwa Sol. Wannan wuri alama ce da hannun makaɗi ya saba da ita. In bakin hanci ya gusa, alamar ma ta gusa.

Na biyu, shi ke raba tsirkiyoyi. Dole tagwaye su kusanci juna har yatsa ɗaya ya danne su tare, tazarar da ke tsakaninsu wajen milimita 2, amma kada su taɓa juna in suna kaɗawa. Tsakanin tagwaye da tagwaye kuma a sami filin da yatsa zai sauka bai taɓa maƙwabta ba.

Na uku, shi ke tsayar da nisan tsirkiya daga allon yatsu. A nan ne udu ya sha bamban da gita. Wuyan gita na da ƴan ƙarafa a gicciye waɗanda tsirkiya ke kwanciya a kansu, don haka hancinsa na da ɗan tsayi. Udun yau ba shi da su, abin da ke ba makaɗi damar fitar da sautukan da ke tsakanin sautuka, irin waɗanda ake ji a maƙamai kamar Rast da Bayati. Tun da yatsa har kan katako yake kai tsirkiya, nisanta a bakin hanci bai kamata ya wuce kusan rabin milimita ba, kimanin kaurin ƙaramin katin adireshi. In ya yi ƙasa da haka, tsirkiya ta riƙa dukan allo. In ya yi sama, yatsu su wahala, kuma sautin farkon wuya ya riƙa haurawa saboda ana miƙe tsirkiya wajen danna ta. Tsakanin daidai da kuskure, abin bai fi kaurin takarda biyu ko uku ba.

Abin da ake yin hanci da shi

Ƙashi shi ne kan gaba, na saniya ko na raƙumi, saboda yana da tauri, yana ɗaukar santsi, kuma tsirkiya ba ta saurin cin sa. Wasu maƙera na amfani da ice mai tauri irin su abnus, baƙin icen nan da yake dangin kanya ne. Ice na ba da murya mai ɗan laushi, wadda ta fi kusa da ta tsirkiyar da aka danna da yatsa, sai dai ya fi ƙashi saurin cinyewa. Udu masu araha sukan zo da hancin roba, wanda shi ne ya fi kowanne saurin lalacewa. Akwai kuma wasu haɗe-haɗen zamani da ake sayarwa domin gita, waɗanda ake iya yankawa a yi wa udu.

A tsofaffin udu ana samun hancin hauren giwa. Tun bayan matakin da yarjejeniyar CITES ta ɗauka a shekarar 1989, an hana cinikin hauren giwar Afirka tsakanin ƙasashe. Don haka ba a yin sabon hanci da shi, kuma kayan kiɗan da ke ɗauke da haure na iya jawo wa mai shi matsala a duwan in ba shi da takardu.

Yadda yake cinyewa

Kowace tsirkiyar udu na ja da nauyin kilo 3 zuwa 4, wato jimillar 11 ɗin ta kusa kilo 40. Saboda gidan makullai ya karye baya sosai, babban kaso na wannan nauyi a kan hanci yake sauka. A da, da hanjin dabba da siliki ake yin tsirkiya. Bayan yaƙin duniya na biyu nailan ya maye gurbinsu. Siraran na nailan ne zalla, masu kaurin kuma an naɗe su da siririyar wayar tagulla mai ruwan azurfa. Waɗannan naɗaɗɗun tamkar magagari suke: duk lokacin da aka murɗa makulli, sai wayar ta goga gurbinta ta ci kaɗan. Udu kuwa kayan kiɗa ne da ake saitawa sau da yawa a zama guda. A haka gurbi ke zurfafa shekara da shekaru har tsirkiya ta sauka kan allo.

Akwai kuma cin gefe. Tsirkiyoyi ba sa tafiya miƙe daga hanci zuwa makullai, wasu suna karkata, don haka suna cin bangon gurbi har ya faɗaɗa. Canza nau'in tsirkiya ma na kawo matsala: in an sa mai kauri a ƙunƙuntaccen gurbi sai ta maƙale, in an sa siririya a faffaɗa sai ta riƙa rawa a ciki.

Yanayi na da nasa rabon. Udun da aka ƙera a Istambul, Alƙahira ko Damaskus, in ya iso Yamai, Maraɗi, Tawa ko Damagaram, yana haɗuwa da hunturu, lokacin da laimar iska ke faɗuwa ƙasa da kashi 20 cikin 100, alhali kayan kiɗa na katako sun fi son kashi 45 zuwa 55. Ice na ƙanƙancewa, ƙashi kuwa kusan ba ya motsi. Sakamakon haka gefunan hanci kan fito su riƙa sukar hannu, gam ya saki, wani lokaci hancin ya faɗo da kansa da zarar an kwance tsirkiyoyi. Ƙura kuma na taruwa cikin gurabe ta ƙara musu kaushi. In damana ta sauka icen ya sake kumbura, nisan tsirkiya daga allo ya canza.

Alamomin da ke nuna hanci ne

Alama ta farko ita ce wata ƙara mai kama da kukan ƙuda da ke bin sautin buɗaɗɗiyar tsirkiya, amma ta ɓace da zarar an danna tsirkiyar da yatsa. Dalili a fili yake: in an danna, yatsa ne ya karɓi aikin hanci. Idan kukan bai tafi ba ko an danna, to a nemi cutar wani wuri.

Ta biyu, makaɗi na murɗa makulli sauti bai motsa ba, can sai a ji ƙas, sautin ya yi tsalle ya wuce inda ake so. Wannan na nufin tsirkiya na maƙalewa a gurbi. Irin wannan udu ba ya riƙe saiti, domin jan da ke gaban hanci da na bayansa ba ɗaya ba ne, kuma suna daidaita kansu ne ana tsakar kiɗa.

Ta uku, tsirkiya na tsinkewa a wuri ɗaya, daidai kan hanci, ko wayar da aka naɗe ta da ita ta warware a nan. Akwai kaifi ke nan a gurbin. Ta huɗu, tagwaye na karo da juna. Ta biyar kuma ido ke ganinta: tsaga a ƙashin, ko ɓallewar ɗan bangon da ke tsakanin tagwaye.

Gwajin da ya fi sauƙi shi ne na takarda. A sassauta tsirkiyar da ake zargi, a ɗaga ta, a sa ɗan guntun takarda a ƙarƙashinta cikin gurbi, a mayar a saita. In kukan ya tafi, gurbin ne ya yi zurfi. In bai tafi ba, akwai sauran wuraren dubawa: allon yatsu da tsirkiyoyi suka yi wa kwari saboda yawan dannawa, tsirkiyar da naɗinta ya saki, wutsiyar tsirkiya da ke taɓa fuskar udu a wajen jaki, adon ramin sauti da ya ɓanɓaro, ko ɗaya daga cikin katakan da ke tallafe fuskar daga ciki ya saki. Haka nan a auna nisan tsirkiya daga allo a mahaɗar wuya da jiki, wanda ya kamata ya zama wajen milimita 3. In ya kai 5 ko fiye, wuyan ne ya tashi, kuma babu gyaran hancin da zai magance wannan.

Gyara ba tare da sake hanci ba

Ƙa'idar masu wannan aiki ita ce a fara da abin da za a iya janyewa, domin ƙashin da aka goge ba ya dawowa.

Idan maƙalewa ce kawai, a ɗaga tsirkiya a share gurbin, a ja guntun tsohuwar tsirkiya naɗaɗɗiya mai kauri daidai da gurbin gaba da baya sau kaɗan har ya yi santsi. Daga nan a goga bakin fensir mai laushi a ciki. Baƙin fensir na sa tsirkiya ta zame. Ba a sa man inji ko man girki, domin suna tara ƙura kuma suna shiga ice su hana gam kamawa nan gaba.

Idan gurbi ɗaya ko biyu ne suka yi zurfi, ana iya cike su. A rufe allon yatsu da gidan makullai da salatif domin kare su. A goge wani guntun ƙashi a tara garinsa, a cika gurbin da shi, a ɗiga ɗigo ɗaya na gam mai saurin kamawa, irin wanda ake kira Super Glue, da bakin tsinke. Wanda bai da garin ƙashi yakan yi amfani da bikarbonat, wanda ke daskarewa nan take har ya ɗan yi zafi. A bar shi ya bushe sosai, sannan a sake fafe gurbin zuwa zurfin da ake so. Wannan ciko na iya daɗewa a ƙarƙashin tsirkiyar nailan, amma naɗaɗɗiya ba ta jimawa take cinye shi.

Idan kuwa dukkan gurabe sun yi ƙasa tare amma ƙashin lafiyarsa lau, sai a cire hancin a liƙa siririn ɓawon katako mai kaurin kusan rabin milimita a ƙarƙashinsa, a mayar, a daidaita guraben da suka yi sama. In hancin tsayi ya yi da yawa, ana goge ƙasansa a kan takardar gurza da aka shimfiɗa bisa gilashi, kaɗan-kaɗan ana gwadawa.

Hancin da ya tsage, ko na roba da ya cinye, ko wanda tun asali ba a raba gurabensa daidai ba, sake shi ya fi.

Cire tsohon hanci

Kafin a kwance komai, a ɗauki hoton yadda kowace tsirkiya ta tafi makullinta, domin tsarin na rikita ko wanda ya saba. A sassauta tsirkiyoyi a hankali, a kawar da su gefe. A bi gefunan hancin da reza a yanke fentin da ya haɗa shi da ice, in ba haka ba fentin zai ɓalle ya tafi da shi. Sai a kwantar da ɗan guntun katako a kan allon yatsu ya jingina da hancin, a ɗan buga shi da wani abu marar nauyi. Hancin da aka liƙa yadda ya kamata, bugu ɗaya ko biyu ya ishe shi. In ya ƙi, kada a ƙara ƙarfi: mahaɗar gidan makullai da wuya tana daf da wurin, kuma tana cikin wurare mafi rauni a jikin udu. Gam na gargajiya da ake yi da fata yana saki in ya ji ɗumi da ɗan laima. Bayan an cire, a kankare tsohon gam har mazaunin ya yi sumul, ba tare da an ci ice ba. A adana tsohon hancin, domin shi ne ma'auni.

Shirya ƙashi

Ana sayar da yankakken ƙashi da aka riga aka gyara domin gita, kuma yana yi wa udu in an rage shi. Inda babu, mahauta na da maganin abin. Ƙashin ƙwaurin saniya ko na raƙumi ake nema, tsakiyarsa inda bangon ya fi kauri da tauri. A yanke kawunan, a fitar da ɓargo, a dafa shi a kan wuta marar ƙarfi da ɗan sabulun wanki, ana canza ruwa har maiƙo ya daina tasowa. A shanya a inuwa na makonni. In tabon maiƙo ya sake fitowa, a jiƙa shi cikin asetan na wasu kwanaki, a wuri mai iska, nesa da wuta. Wannan mataki ba abin tsallakewa ba ne, domin maiƙon da ya rage zai tsattsafo ya shiga ice, gam kuma ya ƙi kamawa. Ba a sa ƙashi cikin ruwan Javel don ya yi fari, saboda yana cin sa ya mai da shi mai gautsi.

Da zarton ƙarfe ake yanka shi, a bar shi ya ɗan fi tsohon girma ta kowane ɓangare. Ƙurar ƙashi ba ta da kyau ga huhu, don haka a rufe hanci da baki. A fara daidaita fuska biyu: ƙasan da zai zauna, da gaban da zai jingina da ƙarshen allon yatsu. Dole su kwanta ba tare da haske na ratsawa ba. Sannan a rage tsawon ya yi daidai da faɗin wuya.

Fafe gurabe

Domin sanin iyakar da ba za a wuce ba, ana goge fensir ta tsawonsa har ya zama rabi, a kwantar da shi a kan allo a ja layi a gaban ƙashin. Wannan layi shi ne daidai saman allo, kuma gindin kowane gurbi zai tsaya ne kimanin rabin milimita a samansa. Siraran ƙarafan da makanikai ke auna tazarar buji da su na da amfani a nan: a zaɓi mai kaurin da ake so a kwantar a gaban hanci, da zarar magagari ya taɓa shi sai a tsaya.

Wajen rabo, in tsohon hancin rabonsa daidai ne sai a kwafa. In ba haka ba, a fara sa alamar tsirkiyoyin gefe biyu, kowace wajen milimita 3 daga bakin wuya don kada yatsa ya zamar da ita waje, sannan a raba sauran. Filin da ke tsakanin tsirkiyoyi ake daidaitawa, tun da kaurinsu ya bambanta: siraran ba su kai milimita 1 ba, babbar kuma ta ɗara haka.

Gurbi mai kyau na da siffofi huɗu. Gindinsa zagayayye ne daidai jikin tsirkiya, domin mai tsini yana matse ta. Faɗinsa ya ɗara kaurinta da ɗan kaɗan. Zurfinsa wajen rabin kaurinta ne, ta yadda rabin tsirkiyar na waje. Sannan wuri mafi tsayi a cikinsa shi ne bakin da ke kallon allon yatsu, daga nan ya gangara a lanƙwashe zuwa makullai. In tudun ya koma tsakiya ko baya, tsirkiya za ta riƙa kaɗawa a cikin gurbin, kukan ƙudan da aka gudu ya dawo. Akwai magagarai na musamman domin wannan aiki, kowanne da kaurinsa. In ba a same su ba, ƙananan magagaran maƙeran zinariya, ko ƴan wayoyin da masu walda ke share bakin bututun wuta da su, na iya yi, sai dai aikin ya fi ɗaukar lokaci.

Ana fara gurabe sama-sama, a ɗora hancin ba gam, a ɗaura tsirkiyoyi a saita. Daga nan ake sauke su ɗaya bayan ɗaya: a ɗaga tsirkiya, a ja magagari sau biyu ko uku, a mayar, a kaɗa a saurara. Dole tagwaye su tsaya tsayi ɗaya. Masu kauri na buƙatar ɗan ƙarin nisa saboda sun fi lilo. Gara a tsaya da sauran tsayi a bar udun ya kwana da saitinsa, gobe a ƙarasa, da a zarce garin neman gira a rasa ido. In an gamsu, a goge rarar ƙashin da ke sama, a zagaye kusurwoyi don kada su soki hannu, a bi da takardar gurza mafi laushi har ya yi sheƙi, a sa baƙin fensir.

Wajen liƙawa, ƙananan ɗigo biyu na farin gam na masassaƙa ko gam na fata sun isa. Nauyin tsirkiyoyi ne ke riƙe hanci, aikin gam kawai ya hana shi zamewa gefe. Wanda ya cika wurin da gam mai ƙarfi ya bar wa mai gyara na gaba aikin fasa ice.

Lokacin da ya kamata a nemi gwani

Udun da ya fito daga hannun tsofaffin maƙera, kamar gidan Nahat na Damaskus, ko Manol na Istambul, ko Muhammad Fadil na Bagadaza, darajarsa na tattare da sassansa na asali. Irin wannan ba a koyon gyara a kansa, kuma ko an sake masa hanci, tsohon na zama a ajiye tare da shi. Haka nan in an ga tsaga a mahaɗar gidan makullai, ko allon yatsu ya yi kwari, ko wuya ya tashi, aikin ya wuce na hanci. A garuruwan da babu maƙerin udu, mai gyaran gita da ya saba da aikin hannu zai iya yin hanci, muddin an nuna masa cewa na udu ya fi na gita ƙasa sosai, kuma gurabensa tagwaye ne.

Kulawa bayan gyara

Hancin ƙashi da aka yi da kyau na iya shekaru masu yawa. A riƙa sa baƙin fensir duk lokacin da aka canza tsirkiya, kuma a canza su ɗaya bayan ɗaya. In za a ɗaga sauti, a fara ɗan sassautawa sannan a murɗa sama, domin tsirkiya ta zame ba fizga. A tsaya kan nau'in tsirkiya mai kauri ɗaya, in an canza kuma a duba gurabe. Kada a ɗora saitin Turkawa, wanda ya fi na Larabawa da sauti guda, a kan dogon udun Larabawa da tsirkiyoyinsa na asali, saboda ƙarin jan na cutar da hanci da jaki da fuska baki ɗaya. Lokacin hunturu a ajiye udu cikin akwatinsa a rufe, tare da ɗan soso mai laima a cikin gwangwani mai huji wanda ba ya taɓa ice, kuma kada a bar shi a rana ko cikin mota. Idan aka sayo udu daga waje, ya kyautu a bar shi ya yi ƴan makonni ya saba da iskar wurin kafin a taɓa hancinsa, domin awon da aka ɗauka ranar da ya iso zai canza.